Wankan Jego da Ruwan Shofo

Haihuwata ta fari ba a gida na yi ta ba. A al'adarmu ta Zongon Sokodé, in ciki ya tsufa mace gidan iyayenta take komawa, can za ta sauka, can za a yi mata wankan jego har ta yi arba'in. Ni kuwa aure ya kai ni Dapaong, inda maigidana ke da shagon kayan gyaran babur. Da lokacin tafiya ya yi sai ƙafafuna suka kumbura, ungozomar asibiti ta ce ba zan iya wannan doguwar hanya a mota ba. Na haƙura na zauna. Yaron kuma bai jira shawarar kowa ba, ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Dapaong ke sa ƙadangare ma neman inuwa.

Mahaifiyata ba za ta zo ba, don ni ce 'yarta ta fari, ko sunana ba ta iya faɗa saboda kunya. Sai aka ɗora aikin a kan Gwaggo, yayar babana. Gwaggo mai koko da ƙosai ce a bakin masallacin unguwarmu, amma abin da aka fi saninta da shi wankan jego ne. Rabin matan Zongo ta hannunta suka bi, kuma duk wadda ta bi ba ta mantawa. Tana da wata tukunya ta dalma, ƙatuwa, wadda ba ta dafa komai a ciki sai ruwan masu jego.

Ana jibi za ta taso maigidana ya kira ta a waya, ina kwance ina jin su.

"Gwaggo, kada ki wahalar da kanki da ɗaukar tukunya. Akwai shofo a gidan, shi zai riƙa dafa mata ruwa."

"Wa zai dafa?"

"Shofo. Yana nan cikin banɗaki, safe da yamma a shirye yake."

Gwaggo ta ce "To," ta kashe wayar.

Shofo shi ne abin da muke kira wannan farin tulu na ƙarfe da ake ratayewa a bango, yana dafa ruwa da wutar lantarki. Maigidana ya saye shi ne a Adjengré, wurin wani mutum da ya rufe masaukin baƙinsa yana sayar da kayan ciki. Ya ɗauro shi a saman mota har Dapaong, ya kafa shi da hannunsa, don shi mutum ne da ke ganin duk wanda ya san cikin babur ya san cikin kowane inji. Tun da aka kafa shi ba mu taɓa morarsa ba, domin a garin nan da rana ruwan famfo da kansa yake fitowa da zafi. Haihuwata ce ranar da maigidana ya daɗe yana jira, ba don yaron kaɗai ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne, a Hausarmu direban mota shofa muke ce masa. Gwaggo shofa ta ji. Tun daga tashar Sokodé, ta wuce Kara, ta wuce Mango, tana tafe tana tafasa, tana tunanin irin surukin da zai ajiye ƙaton direba a banɗakin matarsa mai jego. Da ta iso ko ƙullin kayanta ba ta sauke ba, ko jaririn ba ta kalla ba.

"Ina ƙaton?"

"Wane ƙato, Gwaggo?" in ji maigidana, yana durƙushe yana gaisuwa.

"Wanda ka ajiye mata a bayi. Fito da shi in ga idonsa."

Ya kai ta har ƙofar banɗaki ya nuna mata. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ƙwanƙwasa cikinsa da yatsa, ta juyo.

"Wannan ai randa ce aka rataye. Don wannan ka sa na baro tukunyata?"

Sai a lokacin ta karɓi yaron ta yi masa addu'a.

Da yamma aka yi gwajin farko. Maigidana ya buɗe famfo ya tara babban baho, yana tsaye yana murmushi kamar mai jiran tukwici. Gwaggo ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannunta a ciki, ta daɗe ba ta cire ba.

"Ɗan nan, wannan ruwa ko kaza ba zai fige ba."

"Gwaggo, ai mutum za a wanka, ba kaza ba."

"Mai jego ta fi kaza buƙata. In sanyi ya shige ta, kai za ka yi jinya ko randar?"

Ya je ya kashe wuta, ya ɗauko sukudireba, ya kwance murfin roba da ke ƙarƙashin shofon. A ciki akwai wani ɗan maɓalli mai lambobi, shi ne ke yanke wa ruwa iyakar zafinsa. Ashe mai masaukin can ya mayar da shi ƙasa ne don kada baƙi su cinye masa wuta. Maigidana ya murɗa shi zuwa tsakiya, ya mayar da murfi. Kuskurensa ɗaya ne: ya bar Gwaggo tana leƙe ta bayan kafaɗarsa. Washegari yana fita shago ta ɗauko wuƙar yanka kuɓewa, ta kwance murfin, ta murɗa maɓallin har sai da ya ƙi gaba. Ko wutar ba ta kashe ba. Allah ne kawai ya ga tana da sauran kwana.

Daga ranar na san na haihu. Ruwa ya riƙa fitowa yana huci. Gwaggo ta jiƙa ganyen darbejiya da na tsamiya a ciki, ta zaunar da ni a kan kujerar tsuguno, ta kama damin ganyen tana tsomawa tana fyaɗa mini a baya da ciki. In na yi ƙara ta ce alamar yana shiga ke nan. In na yi shiru ta ce ruwan ya huce, ta ƙaro. In mun fito ta kafa mini ƙwaryar kunun kanwa da gasasshen nama da yaji ya rufe, ta zauna ta tsare ni sai na ga ƙarshensu. A waje rana na narka kwalta, a ciki ni ana dafa ni safe da yamma. Abu ɗaya ne ya hana ta gamsuwa: ta so a buɗe tulun a zuba ganyen a ciki su dahu tare. Maigidana ya rantse mata ba shi da baki. Ta ce randar da ba ta da baki, wanda ya ƙera ta bai gama aikinsa ba.

Ba a daɗe ba sai ta gano yana da baki. A ƙasan shofon, inda bututun ruwan sanyi ke shiga, akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙaramin hanci. Tun da ta ƙure zafin, hancin nan ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, duk lokacin da ruwa ke dahuwa. Gwaggo ba ta iya ganin ɓarna, balle ta ruwa, balle a Dapaong. Ta fiƙe tsinke ta cusa, ta naɗe da robar taya tam, ta rataya tsumma a kai don kada surukinta ya gani ya yi surutu.

Shofon kuma ya fara magana. In an kunna shi sai ya yi ta ƙugi yana ɓaɓɓaka, kamar cikin wanda ya ci wake bai dahu ba. Wani lokaci ya yi ƙas, ƙas, kamar ana watsa tsakuwa a kwano. Na ce wa maigidana abin nan yana ba ni tsoro. Ya shiga ya kara kunnensa a jikin tulun, ya lumshe ido, ya fito.

"Lafiyarsa lau. Inji mai ƙarfi dole ya yi ƙara. Ke ba ki jin babur in yana da lafiya?"

Gidan da muke haya ɓangare biyu ne a tsakar gida ɗaya, mita ɗaya. A ɗaya ɓangaren akwai maƙwabciyarmu, wata mata 'yar ƙabilar Moba daga Korbongou, mai fara'a, mai ƙiba, tana da firji tana sayar da ƙanƙara. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne, kowa "ya" ne. Ranar da ta fara gaishe da Gwaggo ta ce, "Hajiya, ka zo lafiya?" Gwaggo ta waiga bayanta ta ga wa ake nufi.

Wata safiya aka ɗauke ruwan famfo a unguwa gaba ɗaya. Gwaggo ta buɗe, sai iska. Lokacin wanka na wucewa, ga tulu cike da tafasasshen ruwa a bango, amma ya ƙi ba da ko ɗigo. Ta zagaya shi, ta tuna da ɗan hancin da ta toshe. Ta warware robar, ta zare tsinken, ta ga wani ɗan hannu a jikinsa, ta ɗaga. Ruwa ya fara zubowa. Na ji ta daga ɗaki tana guɗa ƙasa-ƙasa.

"'Yar nan, fito! Ashe randar tana da ƙofar baya."

Ta tatse shi sarai, aka yi mini wanka, ta wanke kayan jariri da sauran, sannan ta mayar da tsinkenta da robarta. Wutar kuwa tana kunne. Ba a jima ba muka fara jin ƙauri, ba na abinci ba, wani iri kamar na dutsen guga da aka manta. Sai muka ji tas daga wajen mita, fanka ta tsaya.

Maƙwabciya ta fito tana share gumi. "Kuran ya tafi?" Kuran shi ne wutar lantarki a bakinmu. Ta leƙa waje ta ji rediyon teloli na ta waƙa. "Gidanmu kaɗai ne ya tafi!" Ta ɗauko sandar tsintsiya ta tura makunnin da ke jikin mita sama. Ya faɗo. Ta sake turawa, ya sake faɗowa. Ta tsaya tana duban firjinta kamar mai duban mara lafiya.

"Ƙanƙarana zai mutu, Hajiya. Me ka taɓa?"

"Ni me na sani da kuran?" in ji Gwaggo. "Koko nake sayarwa."

Da la'asar ruwa ya dawo, tulun ya cika. Maƙwabciya ta sake gwada makunnin, wannan karon ya ɗan zauna. Gwaggo ta shiga za ta yi alwala, ta kama kan famfo da jiƙaƙƙen hannu. Sai muka ji salati da ƙarar buta. Ta fito da gudu irin wanda ban san tana da shi ba, tana yarfe hannu.

"Famfo ya cije ni!"

Makunnin ya sake faɗuwa. Da maigidana ya dawo ya tarar da mata uku a tsakar gida, ba mai shiga banɗaki. Ya cire wayar shofon daga bango, nan take wuta ta zauna, firji ya ci gaba da kukansa. Ko ni da ban san komai ba na gane inda ciwon yake. Amma maigidana ya ce a bar masa, ƙaramin abu ne. Ya ce kowane inji yana da buji, wato filogi, kuma in inji ya ƙi tashi, buji ake fara dubawa. Ya kwaso kayan aiki daga shago. Ya canza makunnin bango. Ya canza waya. Ya busa nan, ya goge can da fetur. Duk lokacin da ya jona, wuta ta faɗi, maƙwabciya ta yi ƙara daga ɗakinta. Bujin dai bai gan shi ba.

Wankan jego kuwa ba ya jiran mai gyara. Gwaggo ta ɗaura ɗamara, fuskarta har sheƙi take, don ranarta ta zo. Ta tare matan da ke shigo da itace daga ƙauye ta sayi dami, ta jera duwatsu uku a tsakar gida. Saura tukunya. Duk tukwanena na amarya ne, ba wadda za ta ɗauki ruwan wanka. Sai maƙwabciya ta ce tana da babba a gidan yayarta, ta je ta ɗauko a ka. Tukunya ce ta gaske, baƙa wuluk, mai faɗin baki. Gwaggo ta shafa ta, ta sa wa matar albarka, ta ce ashe a garin nan ma akwai masu hankali.

Ruwan ya dahu da ganye a ciki kamar yadda take so. Sai dai yana da wani ɗan wari mai tsami-tsami. Na faɗa mata, ta ce ganyen tsamiya ne, na saba da ruwan randar bango ne shi ya sa na manta ƙanshin wankan gaskiya. Aka yi na safe, aka yi na yamma, aka wayi gari aka sake.

Ranar ce matan Zongon Dapaong suka zo duba ni, cikinsu har da matar limamin unguwa. Na fito daga wanka ke nan, jikina na tururi. Matar liman ta karɓi yaro, ta sunsuna shi, ta ɗago ta sunsuna iska, ta matso kusa da ni.

"Mai jego, me ake ba ki ne?"

"Kunun kanwa, Hajiya."

"Kunun kanwa kaɗai?"

Wata tsohuwa da ke zaune bakin ƙofa, wadda ta yi shekara da shekaru tana sayar da goro a kasuwar garin, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Ku daina wahalar da hancinku. Wannan warin cakpalo ne. Ni da rumfata ke kusa da masu shi, ko a mafarki na san shi."

Cakpalo giyar dawa ce ta mutanen yankin, irin wadda wasu ke kira burkutu. Gwaggo ta miƙe a hankali, ta fita tsakar gida, matan suka bi ta da ido ta taga.

"Baiwar Allah, zo nan. Tukunyar nan me ake dafawa a ciki?"

"Dawa ne, Hajiya."

"Dawa da me?"

"Dawa da ruwa."

"Sai kuma me?"

Maƙwabciya ta sosa kai. "Sai ya kwana."

Gwaggo ta ɗora hannu biyu a ka tana salati. Ita da ta je Makka, ita da ke sayar da koko a ƙofar masallaci, yau ta wanke 'yar ƙanenta da tukunyar giya, har da jikan mutane a ciki. Maƙwabciya kuwa ta rasa laifinta.

"Ai na wanke shi! Kuma mai jego bai sha ba, wanka ya yi."

Matar liman ce ta raba gardamar. Ta ce tukunya ba ta da addini, in an wanke ta da kyau ta tsarkaka. Gwaggo ta ji kalmar "da kyau" ta riƙe. Bayan baƙi sun tafi ta sake yi mini wanka da ruwan butoci, ta wanke zannuwana, ta wanke nata, sannan ta zauna da tukunyar. Ta dirje ta da toka, ta dirje da yashi, ta dirje da lemun tsami, ta tafasa kanwa a ciki, ta sake komawa kan toka. Da ta gama, tukunyar da ta zo baƙa ta koma fara, har mutum na ganin fuskarsa. Daga baya maƙwabciya ta gaya mini da aka mayar da ita, masu shan cakpalon yayarta sun yi ta ƙorafi cewa abin ya rasa ɗanɗanonsa na da.

Abin da ya faru gaban baƙi shi ya sa maigidana ya sauko. Washegari ya zo da mai gyaran famfo, wani dogon mutum mai furfura a gemu, ɗan garin su maƙwabciya, Hausarsa irin tata. Ya fara kashe wuta daga mita, ya rufe ruwa, sannan ya ɗaga tsumman da ke rataye a ƙasan tulun. Ya ga tsinke da robar taya. Ya ja da baya.

"Wa ya ɗaure wannan?"

Maigidana ya dube ni, ni na dubi yaro.

"Ni ce," in ji Gwaggo. "Yoyo yake."

"Mama, wannan ba yoyo ba ne, numfashi ne. Ruwa in ya yi zafi yana kumbura, nan ne yake fita. In ka toshe shi, kuma maɓallin zafi ya lalace, tulun nan zai tashi ya fasa rufi. Da yanzu yana Korbongou."

"To ai bai tashi ba."

Ya ci gaba da tambaya kamar alƙali. Wa ya ƙure maɓallin zafi? Gwaggo ta ce ruwan ne bai iya fige kaza ba. An taɓa kunna shi babu ruwa a ciki? Gwaggo ta ce ita ba ta kunna komai ba, a kunne ta same shi. Ina wayar da ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle, don kada ta bi ta famfo? Nan maigidana ya yi tari, ya ce ya ga waya uku a jikin abin, amma biyu sun isa su tayar da shi, sai ya naɗe ta ukun ya ajiye. Gwaggo ta juyo gaba ɗaya ta dube shi.

"Ashe kai ka sa famfo ya cije ni."

Mai gyaran ya ɗaga ɗan hannun nan ya zubar da ruwa, har ya daina zuba. Ya ce ya ƙare. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin tulun ya kwance kusoshin da ke riƙe da farantin ƙasa, yana yi mana bayanin cewa aikin nan ba a yin sa da gaggawa. Yana zare na ƙarshe, sauran ruwan da ya maƙale a ciki ya sauko masa a fuska gaba ɗaya, tare da wani farin abu gutsi-gutsi da ya cika masa gemu da aljihun riga. Ya tashi yana tofarwa yana magana da yarensu. Maƙwabciya ta ƙi fassara mana.

Maigidana ya ɗebi farin abin a tafin hannu, ya murza, ya ɗago ido a hankali zuwa ga Gwaggo. Duk gidan an san wa ke da ƙullin kanwa.

"Kada ka soma," in ji ta. "Ta ina zan zuba? Ba kai ka ce ba shi da baki ba?" Ta ɗauki ɗan gutsure ta ɗanɗana, ta tofar. "Wannan ko kuɓewa ba zai yi wa amfani ba."

Mai gyaran ya ce daga ruwan ne, irin farin da ke taruwa a gindin butar shayi. Shekara da shekaru yana taruwa tun daga Adjengré, shi ne ke sa ƙugin da muke ji. Ya kwashe kusan rabin bokiti. Sannan ya zaro wani lanƙwasasshen ƙarfe, wanda ya ce sunansa rezistansi, shi ne ke yin zafi a cikin ruwa. Ya yi baƙi, ya tsage a gefe kamar rogon da aka manta a wuta. Ya ce da aka bar shi kunne ba ruwa sai ya ƙone kansa, ta tsagar nan kuma wuta ke shiga ruwa. Maigidana ya karɓe shi ya jujjuya, fuskarsa ta washe.

"Ba na faɗa muku ba? Buji ne. Sai dai nasa dogo ne."

An zaga shagunan Dapaong ba a sami daidai shi ba. Aka naɗe tsohon a takarda aka ba wani direba ya kai wa babana a Sokodé. Babana mahauci ne, bai taɓa ganin irin abin ba, amma ya sa shi a aljihun babbar riga ya bi shaguna yana fito da shi yana cewa ana neman ƙanen wannan. Ya samu. Ranar da saƙon ya iso maigidana ya je tasha da babur don karɓar ɗan ƙunshi, sai direba ya nuna masa saman mota. Ga ƙafafun saniya na farfesun mai jego a buhu, ga tukunyar Gwaggo ta dalma ɗaure da igiya. Ashe ta ari wayar maƙwabciya ta yi nata saƙon ba wanda ya sani. Haka ya shigo unguwa da tukunyar kife a bayansa kamar kunkuru.

Mai gyaran ya dawo ya ɗaura sabon ƙarfe, ya canza ɗan hancin numfashi, ya sa masa siririn tiyo zuwa bokiti don Gwaggo ta riƙa tara ɗigon tana ba wa kajin maƙwabciya. Ya jona waya ta uku yana kallon maigidana. Ya buɗe ruwa, ya bar famfon zafi a buɗe har ya gama tari da atishawa ruwa ya miƙe, sannan ya kunna wuta. Ya mayar da maɓallin zafi tsakiya, ya rufe murfi.

"Mama, kai kar ka ƙara taɓa nan."

"Ka fara koyon ce mini ke, sannan ka ba ni umarni."

Ba ta ƙara taɓawa ba, amma ba ta sallama ba. Kullum sai ta tari ruwan zafi daga shofon ta juye a tukunyarta, ta zuba ganye, ta ɗora a murhu. Da yake ruwan ya riga ya yi nisa, itace kaɗan ke tafasa shi. Maigidana ya riƙa gaya wa abokansa a shago cewa shofonsa ne ya yi jegon. Gwaggo kuma ta gaya wa matan Zongo cewa randar bango ba laifi, ta iya aikin yaran gida, tana miƙo ruwa babba ya dafa. Ni da ake dafawa ba wanda ya nemi ra'ayina.

Da na yi arba'in ta haɗa kayanta. Ita da maƙwabciya suka rungumi juna a ƙofar gida, ɗaya na cewa "Allah ya shirye ki," ɗaya na cewa "Ka gaida gida, Hajiya." Maigidana ya kai ta tasha da sassafe, ya wuce shago.

Da la'asar ta yi, lokacin da aka saba kiran sunana daga banɗaki, na shimfiɗe yaro ya yi barci. Na kashe shofon. Na je randar ƙasa da ke inuwar baranda, wadda muke shan ruwanta, na cika bokiti. Na shiga na rufe ƙofa, na ɗebo da moɗa na kwara a tsakiyar kaina. Sanyin ya ratsa ni har tafin ƙafa, ban san lokacin da na ƙwala ihu ba. Na ƙara, na ƙara, sai da na ga gindin bokitin.

Ina fitowa ɗaure da zane, ruwa na ɗiga daga gashina, waya ta yi ƙara. Gwaggo ce, ta isa Sokodé, ina jin hayaniyar tasha a bayanta.

"'Yar nan, kin yi wankan yamma?"

"Na yi, Gwaggo. Yanzu na fito."

"Ya ratsa ki?"

"Sai da na yi ihu."

"Madalla," in ji ta. "Alamar yana shiga ke nan. Ki ci gaba da shi haka har ruwan sama ya sauka."

Na ce mata in sha Allahu ba zan fasa ba.